Riga Mai Jan Faci

La'asar ta yi sanyi, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska tana dukan kwanon da aka katange gidan wasan lilo na unguwa da shi, yana ta ƙara kamar zai ɓalle.

Auta tana tsaye a ɗakin ɗinki na saman bene. Ta ɗaga gefen labule da ɗan yatsa, ido ɗaya kawai ta saka.

Can sama, a kan dogon ƙarfen da aka kafa a bayan katanga, mutum ɗaya ne ya rage. Sauran ma'aikata duk sun sauko. Shi kuwa ya harɗe ƙarfen da ƙafafu, yana ɗaure noti hankali kwance, sai ka ce a tsakar ɗakinsa yake zaune. Rigarsa shuɗiya ce, da jan faci a kafaɗar dama.

Ta san facin nan.

Ita ta yi shi da hannunta.

"Sauko mana..." ta faɗa can ƙasa-ƙasa. "Don girman Allah ka sauko..."

Iska ta sake bugowa, rigar ta kumbura, ta ga kamar ya karkata.

"Wayyo Allah!"

"Auta!"

Ta saki labulen da sauri. Inna ce tsaye a bakin ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuyanta, almakashi a hannu.

"Me na ce miki a kan tagar nan?"

"Inna, iska ce ta..."

"Iska ce ta ɗaga labulen da na kafe da ƙusa? Shi ne a sama ko?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Kadangaren naki."

"Inna, ba sunansa ke nan ba..."

"Sunan da aikinsa ya raɗa masa ke nan. Kowa a unguwar nan haka yake kiransa, ni ce zan canza?" Inna ta ajiye almakashin a kan tebur. "Na faɗa wa kawunsa da ya zo, yau ma ina maimaita miki. Ba na ba da 'yata ga mutumin da abincinsa ke rataye a sama."

Auta ta san inda maganar ta samo asali.

Babanta mai fenti ne. Tana ƙarama aka ba shi aikin shafa wa babban lilon gidan wasan nan fenti, wannan mai zagaye kamar ƙafar keke, wanda ake hangowa daga ko'ina a unguwa. Wata safiya ya hau da bokiti da buroshi, babu igiya, babu komai. Inna tana zaune a bakin wannan taga tana ɗinki, har ta ɗaga masa hannu.

A gaban idonta ya faɗo.

Tun daga ranar ta juya keken ɗinkinta ya fuskanci bango, ta kafe labule da ƙusa. Ko zafi ya kai ina, tagar ba ta buɗuwa.

To ga shi yanzu Allah ya jarabci 'yarta da son mai hawa ƙarfe.

Abin da ya ƙara dagula wa Auta lissafi kuwa, waya ce.

Tun da aka kewaye bayan gidan wasan da kwano, manyan motoci suka fara shiga da ƙarafa, masu son lilo na gari suka buɗe guruf a waya, suka sa masa suna Masu Leƙen Katanga. Aikinsu ɗaya ne, hasashen abin da ake ginawa. Ba sa gajiya, ba sa barin kowa ya huta.

Wannan ya ce jirgin lilo ne, irin wanda ke hawa kan dogo a hankali ya kai ƙololuwa sannan ya sulalo da gudu, kuma wai sai ya kifa mutane kai ƙasa sau uku kafin ya tsaya.

Wata mai 'ya'ya huɗu ta ce ita dai Allah ya sa na iyali ne, wanda kaka za ta zauna da jikanta ba tare da haƙoranta sun zube ba.

Wancan ya ce ƙarafan kore ne, don haka siffar maciji za a yi.

Akwai wanda ya rantse ya ga an shigar da ƙaton bututu, saboda haka jirgin ta ƙarƙashin ƙasa zai bi. Kwana biyu ana jinjina masa, sai aka gano bututun banɗaki ne.

Kowa dariya yake yi, ban da Auta. Su nishaɗi suke, ita kuwa duk hasashen da ta karanta sai ta auna shi da jikin mutum ɗaya. In aka ce tsawonsa zai wuce bene goma, sai ta ga shuɗiyar riga a bene na goma. In aka ce zai kife, sai ta ga shi a rataye kai ƙasa yana ɗaure noti.

Sun sha roƙon ta ɗauko musu hoto, don tagarsu ce kaɗai ke leƙa saman katangar.

Ba ta taɓa ba su amsa ba.

Ranar nan, da ruwan sama ya sauka ya ɗauke, gab da magariba, ta ji ɗan fiton da ta sani a ƙofar gida. Ta faki idon Inna ta sauko.

Yana tsaye a jiƙe sharkaf, yana murmushi.

"Autar Inna... ya na ga idonki ya yi ja?"

"Kai za a tambaya."

"Ni kuma? Me na yi, sanyin idona?"

"Kowa ya sauko, kai ka zauna! Iska tana neman ɗauke rufin mutane, kai kana can kana ɗaure noti!"

"Guda biyu ne suka rage. In na bar su, gobe ma sai na koma."

"To ka bar su mana! Notin ɗan'uwanka ne?"

Ya yi dariya, amma da ya ga hawaye ya zubo mata sai ya daina.

"Ki yi haƙuri, tawa. Wallahi a ɗaure nake. Kullum a ɗaure nake da igiya."

"Daga taga ba a ganin igiya," ta ce. "Kai kaɗai ake gani."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka faɗa min gaskiya... me kuke ginawa? A guruf an ce wanda ake gani yanzu ma somin-taɓi ne, wai za a ƙara masa tsawo har ya ninka babban lilo."

"Auta, Oga ya sa mun yi alkawari, babu mai buɗe baki sai ranar buɗewa."

"Har ni?"

"In na karya alkawarin Oga saboda ke, gobe ya za ki yarda da wanda na yi miki?"

Ta harare shi ta cikin hawaye. Abin da ke ba ta haushi da shi ke nan, kuma abin da ya sa take son sa ke nan.

Ta dubi rigar. Hammata ta yage, wuya ya zare.

"Ka kawo rigar nan in gyara."

"Rigar nan ta mutu, ki bar ta ta huta."

"Ba za ta mutu ina raye ba. Ka kawo."

"Zan kawo," ya ce yana ɗan murmushi. "Bari ta gama wani ɗan aiki tukuna."

Ba ta tambaye shi wane aiki ba, don ta ji takun Inna a kan matakala.

Shugaban guruf ɗin nan wani mai shagon waya ne a bakin titi, ana ce masa Farfesa, saboda komai aka tambaya yana da amsa, ko ya sani ko bai sani ba. Ɗan aminiyar Inna ne. Ya daɗe yana son Auta, Inna kuma ta daɗe tana son ya same ta, don a cewarta mutum ne da ƙafarsa ba ta barin ƙasa sai in zai hau gado.

Washegari da hantsi ya zo, ya sha turare, ya durƙusa ya gaida Inna.

"Inna, wani abu na gani, na ce ba zan iya ɓoye muku ba."

"Lafiya dai?"

Ya miƙa mata waya. Bidiyo ne na wani ƙaton jirgin lilo na wata ƙasa, dogonsa ya shige cikin gajimare, mutane suna ta ihu gashinsu a tsaye.

"Irinsa ake yi mana a nan. Sak!"

"Innalillahi..." Inna ta kau da kai.

"Ƙarya ne!" Auta ta miƙe daga kan keke. "Wa ya faɗa maka?"

"Ƙanwata, ni ba a faɗa min, lissafi nake yi. Na ƙirga motocin da suka shiga." Ya juya wajen Inna, ya rage murya. "Kuma abin da ya fi damuna, Inna, na ji an ce waɗanda suka haɗa shi su ake fara ɗorawa a gwada. In ya riƙe, to. In bai riƙe ba..."

Ya buɗe hannuwa.

Auta ta so ta sake cewa ƙarya ne. To in gaskiya ne fa?

"Jibi za su yi gwajin," in ji Farfesa. "Mai gadi ne ya tsegunta min. Da za ku taimaka, Inna, ku bar ni in ɗauka ta tagar nan... ita ma Auta ta gani da idonta, ta san irin rayuwar da take kira wa kanta."

Auta ta tabbata Inna za ta fatattake shi. Tagar da ko ita ba ta isa ta taɓa ba?

Inna ta daɗe tana kallon labulen.

"Ka zo," ta ce.

"Inna!"

"Ki gani, Auta. Ni na gani, shi ya sa na sani. Ke ma ki gani sau ɗaya. In an gama, ki sauka ki sallame shi da bakinki."

Kwana biyun nan Auta ba ta san me ta ci ba. Ta ɗinka hannun riga a wuya, ta farke, ta sake ɗinka shi a wuya. Ta kira shi ta tambaya ko da gaske su za a ɗora, ya ce mata ta kwantar da hankalinta, babu abin da zai same shi.

Bai ce eh ba, bai ce a'a ba.

Ranar gwaji gari ya waye tas, rana ta fito, babu ko ɗigon iska.

Farfesa ya zo da filaya ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Da labulen ya zame, haske ya cika ɗakin, har ƙurar da ke kan tagar ta tashi. Inna ba ta juyo ba. Tana fuskantar bango, tana taka kekenta da ƙarfi fiye da kullum.

Auta ta riƙe ƙarfen taga da hannu biyu.

Yau ta ga abin sosai. Koren dogo ne, ya hau tudu ɗaya da ya ɗan fi benensu tsawo, ya gangaro ya yi lanƙwasa ya ɓace a bayan bishiyoyi.

"Wannan ai bai kai na bidiyonka ba," ta ce.

"Ba su gama ba ne," in ji Farfesa, yana saita waya.

Sai aka ji ƙara, ƙat-ƙat-ƙat-ƙat...

Jirgin ya fito yana hawa tudun a hankali. Kowace kujera da mutum a zaune, sun yi tsit, ba mai ɗaga hannu, ba mai waiwaye.

A kujerar gaba, shuɗiyar riga.

Jan faci a kafaɗar dama.

"Ga shi can!" Farfesa ya ce. "Ban faɗa ba? A gaba ma suka sa shi!"

"Ya Allah... ya Allah... ya Allah..."

Keken Inna ya tsaya.

Jirgin ya kai ƙololuwa, ya ɗan dakata kamar mai tunani, sannan ya sulalo. Ya shiga lanƙwasar da gudu, ya kwanta gefe guda.

Shuɗiyar rigar ta zame.

Auta ta ga kafaɗar ta fara fita, sannan kai, sannan duk jikin ya fice daga kujerar. Ya juya sau ɗaya a iska, hannuwa a sake, ya faɗa bayan katanga.

Ta buɗe baki, ihu ya ƙi fita.

Ihun da ya cika ɗakin ba nata ba ne. Na Inna ne. Ashe ta juyo, ashe tana tsaye a bayanta, ta gani.

Taga ɗaya, sau biyu.

"Ya faɗo! Wallahi ya faɗo! Na ɗauka!" Farfesa yana faɗa, yatsunsa suna ta gudu a kan waya. "Bari in sanar a guruf..."

Kafin Auta ta dawo hayyacinta, Inna ta kai matakala.

Matar da ke sauka tana dafa bango saboda ciwon gwiwa, yau tsallake matakala take yi bibbiyu. Babu mayafi, tef ɗin awo yana lilo a wuyanta. Auta ta bi ta a guje, ba ta iya cim mata ba. A tsakiyar titi takalmin Inna ɗaya ya fice, ba ta ko waiwaya ba. Mai mota ya taka burki yana zagi, ba ta ji ba.

"Yaron nan! Ku taimaki yaron nan! Kada ku ɗaga shi ta wuya!"

Mai gadi ya tare ƙofa.

"Mama, ba a shiga, aiki ake..."

"Matsa min! Ɗana ne!"

Ta ture shi ta wuce.

Auta ta ji kalmar. Ko a cikin wannan tashin hankali, ta ji ta.

Ma'aikata sun taru a ƙarƙashin lanƙwasar, sun yi da'ira. Ta ƙafafunsu Auta ta hango gefen shuɗiyar riga a ƙasa, ƙasar wurin ta jiƙe ta yi duhu.

Sai ta ji wani abu da ya fi komai ba ta tsoro.

Dariya suke yi.

"Dariya?" Inna ta daka musu tsawa. "Dariya kuke yi? Ku wane irin mutane ne!"

Suka dare da sauri.

Abin da ke kwance a ƙasa ba shi da fuska. Roba ce fara, mai siffar mutum, ta lotse ta yi shafal kamar buhun da aka zazzage, ruwa yana tsiyaya daga gefenta. An sa mata shuɗiyar riga, har an ɓalle mata maɓalli.

"Inna? Auta? Me ya kawo ku nan?"

Suka juya tare.

Yana tsaye da sifana a hannu, cikin sabuwar rigar aiki ruwan toka, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Auta ta zauna a ƙasa daɓas, ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba tun tana yarinya.

Ya jefar da sifanar ya durƙusa a gabanta.

"Auta... tawa... kalle ni. Ga ni. Ni ne. Wallahi ni ne!"

"Na ga ka faɗo... na ga facin..."

"Innalillahi! Ta taga kuka gani?" Ya dafe kai. "Ban taɓa zaton za a buɗe tagar nan ba..."

Wani dattijo mai farin gemu da hular kwano ya matso, shi ne Ogansu. Ya cire hular ya gaida Inna da ladabi.

"Mama, ku yi haƙuri. Ba a ɗora mutum a gwajin farko. Waɗannan robobin muke cika wa ruwa, su yi nauyin mutum, su yi ta zagayawa har sai mun gamsu. Wannan ta huje ne, ruwan ya tsiyaye, ta rame ta zame ta ƙarƙashin ƙarfen riƙo. Duk da haka mun tsayar da komai, sai mun bi kujerar mun duba."

"To rigar fa?" Muryar Inna ta dishe. "Uban wa ya sa wa roba riga?"

"Ni ne, Mama. Duk inda na yi aiki haka nake yi. Kowane ma'aikaci sai ya kawo tsohuwar rigarsa ya sa wa roba ɗaya. In mutum ya san rigarsa ce za ta zauna, yakan ɗaure noti kamar shi ne zai zauna."

"Mu kuma muna tsokanarsa ne," wani ya ce yana sosa ƙeya. "Wai ɗan'uwansa ya ji tsoro ya gudu..."

Inna ta sunkuya a hankali. Ta cire takalmi ɗayan da ya rage a ƙafarta.

Ta ɗirka wa Kadangare a kafaɗa.

"Wannan na gwiwata ne!"

Ta ƙara masa.

"Wannan na 'yata ne!"

Ta ɗaga na uku, hannun ya tsaya a sama. Sai takalmin ya faɗi, ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suna girgiza. Bai motsa ba, bai kare ba, yana durƙushe kansa a ƙasa.

"Ku yafe min, Inna."

Aka kawo mata kujera ta zauna. Ta daɗe kafin ta share fuska.

"Ina igiyar da ake cewa kana ɗaurawa?"

Ya tashi da sauri ya ɗauko. Ɗamara ce mai kauri, tana zagaye ƙirji da cinyoyi, da igiya biyu, kowace da ƙugiyar ƙarfe.

"Biyu ne, Inna. Ba na cire ɗaya sai na maƙala ɗaya. Ko atishawa zan yi, a maƙale nake."

Inna ta karɓa ta ɗora a cinya. Ta juya ta ciki, ta bi ɗinkin da farce layi-layi, kamar yadda take bin rigar amarya kafin ta ba da ita. Ta naɗe a hannu ta ja da ƙarfinta. Ta sake ja.

"Ɗinkin ya yi," ta ce can ƙasa. Sannan, kamar da kanta take magana, "Shi bokiti kawai ya hau da shi..."



Ta juya wajen 'yarta.

"Auta. Kin ji abin da kika ji ɗazu a ƙirjinki?"

"Na ji, Inna."

"To ba yau kaɗai ba ne. Duk ranar da iska ta taso sai kin ji shi. Duk ranar da ya yi lattin dawowa sai kin ji shi. Igiya ba ta maganinsa. Za ki iya?"

Auta ta share hawaye da bayan hannu.

"Ban sani ba ko zan iya, Inna. Tsoro nake ji, har yanzu tsoro nake ji. Amma lokacin da nake gudu a titi, na ɗauka ya mutu... ban ce da ma ban san shi ba." Ta ɗago ta dubi Inna. "Cewa na yi da ma an ɗaura mana aure. Ko na kwana ɗaya ne."

Inna ta rufe ido.

Ta daɗe a haka, har Auta ta fara tunanin ko ta yi saɓo.

"Ni ma ranar ban yi da-na-sanin auren babanki ba," Inna ta ce a hankali. "Ko sau ɗaya."

Ta miƙa masa ɗamarar, amma ba ta sake ta nan da nan ba.

"Duk ƙarshen mako ka kawo min ita in duba ɗinkin. Ranar da ka tsallake, ka nemi wata surukar."

Ya ɗago kai, bakinsa a buɗe.

"Inna... kuna nufin..."

"Ka ce wa kawunka ya dawo. Kuma ka rufe bakin nan kafin ƙuda ya shiga."

Ma'aikata suka kaure da shewa. Auta ta kifa kai a cinyar Inna, kuka da dariya suka haɗe mata.

A bakin ƙofa suka tarar da Farfesa, ya tara Masu Leƙen Katanga sun fi ashirin, yana ba su labarin yadda ya ga jini da idonsa. Da ya hango Kadangare yana tafe a bayan Inna, riƙe da takalminta ɗaya, sai maganar ta maƙale.

Inna ta tsaya a gabansa, ƙafa ba takalmi.

"Ɗan nan, ka ga mutum ya faɗo, ni tsohuwa na yi gudu. Kai yatsanka ne ya yi gudu."

"Inna, ai sanarwa ce..."

"Ka gaida min mahaifiyarka. Filayarka tana kan tebur, ka aiko a ɗauka."

Kafin yamma 'yan guruf sun sauke shi daga shugabanci, sun naɗa mai bututun banɗaki, wai shi aƙalla ƙaryarsa ba ta kashe kowa ba.

Da aka buɗe lilon, sai ga shi mai 'ya'ya huɗun nan ce ta canka. Na iyali ne, tudu ɗaya, lanƙwasa biyu, kaka da jika suna sauka suna dariya. Masu son a kifa su kai ƙasa suka yi ta ƙorafi, kafin mako ya zagayo kuma sun koma hasashen abin da za a gina a filin da ya rage.

Ba a daɗe ba aka ɗaura auren.

Auta ta tare a ɗan ɗakinsu na bayan layi, amma kullum da safe tana dawowa wajen Inna aiki. Shi kuma aka bar shi a gidan wasan, yana bin dogon yana duba notuna, wani lokacin har babban lilon yake hawa. Labulen ya koma wurinsa. Ba a mayar da ƙusa ba, amma babu mai taɓa shi.

Wata la'asar hadari ya sake haɗowa.

Iska ta fara dukan taga.

Ƙafar Auta ta tsaya a kan keke. Ta san yau yana saman babban lilo. Ta ƙura wa allura ido, ta kasa zura zare. Ta saci kallon labulen, ta saci kallon bayan Inna, ta sake sunkuyar da kai.

Inna ta tsayar da nata keken.

Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta tsinci wani ƙyallen atamfa a ƙasa, ta nufi tagar. Ba ta kalli waje ba. Ta kau da fuska gefe, ta tattare labulen da hannu ɗaya, ta ɗaure shi da ƙyallen a jikin ƙarfe.

Can sama, ga rigar ruwan toka tana saukowa a hankali. Ya maƙala ɗaya, ya cire ɗaya. Ya maƙala ɗaya, ya cire ɗaya.

Auta ba ta ɗauke ido ba.

Inna ta koma ta zauna, fuskarta a bango, ta ci gaba da taka kekenta.